RUWA YA YI GYARA: JAWABI GA IYAYE DA MASU RENO

An shirya wannan jawabi ne domin tarurrukan iyaye 'yan Arewa mazauna biranen Kudu, musamman waɗanda iyalinsu ko sana'arsu ke da alaƙa da Jos da ƙasar Filato.



Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ba a fara zance sai an gaisa, ba a kuwa gama gaisuwa sai an tambayi lokacin da ake ciki. Da hunturu a ce yaya sanyi, da bazara a ce yaya zafi, da damina kuma a ce yaya ruwa. Amsar wannan ta ƙarshe ɗaya ce ko'ina, watau ruwa ya yi gyara. Ko da ruwan nan ya kwana yana zuba, ya rushe katanga, ya tafi da akuya da buhun masara, mai gidan zai tsaya a kan kufai ya ce ruwa ya yi gyara. Wannan ladabi ne ga Mai saukar da ruwan, babu kuwa mai hankalin da zai nemi a bar shi.

Amma fa akwai yaro a tsaye a gefe yana saurare. Ya ga ɗakinsu ya faɗi, ya ji an ce gyara ne, daga nan kowa ya yi shiru. Abin da wannan jawabi yake nema shi ne magana ta biyu, wadda ya kamata ta biyo bayan gaisuwar: me ya sa ruwan ya zo haka, me ya sa zafi ke ƙaruwa, me kuma za a yi kafin wata daminar. Masana suna kiran wannan al'amari sauyin yanayi, suna ta tarurruka a kansa a manyan biranen duniya. Amma wanda zai rayu cikinsa shi ne yaron da ake goyo yau, shi kuwa ba ya zuwa taro. Makarantarsa ta farko ita ce tsakar gida.

JOS DA SANYINTA

Garin Jos yana bisa tudu ne mai tsawon kimanin mita 1,200, watau wajen ƙafa 4,000 sama da bakin teku, shi ya sa sanyinsa ya fita dabam da na sauran Arewa. Ruwan sama kan fara a wajen watan Afrilu ya kai Oktoba, jimlarsa a shekara kuwa takan kai wajen milimita 1,400. Daga wannan tudu ne manyan koguna suke tasowa: kogin Kaduna ya nufi Kwara, kogin Gongola ya nufi Binuwai, shi kuma Dilimi, wanda ya ratsa tsakiyar gari, ya gangara ƙasar Bauchi ya shiga ruwan Jama'are har ya doshi Tafkin Chadi. Saboda haka abin da ya sami ruwan Filato ba a Filato kaɗai yake tsayawa ba.

Tun farkon ƙarni na 20 kamfanonin Turawa suka dukufa haƙar kuza a wannan tudu, jama'a suka yi ta kwarara daga Kano da Katsina da Barno da Kudu, suka tarar da Birom da Anaguta da Jarawa a ƙasarsu. Aikin kuza ya cinye itatuwa masu yawa, ya kuma bar ɗaruruwan ramuka waɗanda suka zama tafkuna. Daga baya masu lambu suka mayar da tafkunan nan abin noman rani, har Filato ta zama uwar kayan gwari: kabeji, karas, latas, tumatir, koren wake, da uwa uba dankalin Turawa, wanda mafi yawan abin da ake ci a Nijeriya daga can yake fitowa.

Dattawan Jos suna ba da labarin lokacin da ba a kwana sai da bargo biyu da kaskon wuta, lokacin da wanka da asuba a watan Disamba sai namijin gaske, baƙo kuwa in ya sauka a tasha abin da zai fara nema shi ne rigar sanyi. Yau dattawan nan su ne ke cewa da bazara ɗaki ba ya kwantuwa sai da fanka. Wani kaso na wannan zafi ya samo asali ne daga girman gari, da yawan kwano da kwalta da siminti, da sare itatuwa. Wani kason kuwa na duniya ne baki ɗaya. Wannan labari na dattawa dukiya ce, gama yaron da aka haifa a cikin zafin yana tsammani haka garin yake tun asali, sai in an gaya masa.

DAREN RIKKOS

A daren 22 ga watan Yuli na shekarar 2012, ana cikin kwanakin farko na azumi, aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya a Jos. Madatsar ruwa ta Lamingo ta tumbatsa, ruwa ya biyo rafi ya auka wa unguwannin da ke gefensa, irin su Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo. Fiye da mutum 35 suka rasu, da ƙananan yara a cikinsu, gidaje wajen 200 suka rushe ko suka nutse. Mutane da yawa sun ɗauka garin da ke kan tudu ya fi ƙarfin ambaliya, sai ga shi ruwa ya same su a kan gado.

A wannan shekara ta 2012 ambaliya ta kashe mutum 363 a faɗin Nijeriya, ta raba fiye da miliyan 2 da gidajensu. A 2022 ta dawo ta ci fiye da mutum 600. A watan Satumba na 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangaren Maiduguri, a watan Mayu na 2025 kuma garin Mokwa na Jihar Neja ya yi asarar fiye da mutum 150 a safiya ɗaya. Mazauna Kudu su ma ba baƙin abin ba ne: Ikko ta sha ruwa a watan Yuli na 2011, a watan Agusta na wannan shekara kuma Badun ta binne fiye da mutum 100.

Gaskiya ita ce ba sauyin yanayi kaɗai ke kawo irin wannan hasara ba. Gini a kan hanyar ruwa, da cika lambatu da shara da leda, da rashin gyaran madatsai, duk suna da nasu kaso. Amma masana sun tabbatar da abu ɗaya: duk lokacin da zafin iska ya ƙaru da digiri 1, takan iya ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100, in ta tashi saukewa kuwa sai ta sauke da yawa a ɗan lokaci. Ruwan da a da yakan rarrabu a kwanaki sai ya zubo a dare ɗaya, ya tarar da hanyarsa a toshe.

Abin tambaya a nan shi ne, a cikin yaran da suka kwana a bakin rafin nan, nawa ne aka taɓa gaya wa inda za su nufa in ruwa ya shigo da dare? Wannan magana ba ta bukatar digirin jami'a. Minti biyar ne a bakin murhu.

YADDA ZA A FAƊA WA YARO

Iyaye da yawa suna yin shiru ne saboda suna ganin abin ya fi ƙarfin iliminsu, alhali kuwa asalinsa mai sauƙi ne, ɗan Jos ma ya fi kowa saurin ganewa domin ya san bargo. Rana tana dumama ƙasa, ƙasa kuma tana mayar da zafin sama. A cikin iskar da ke kewaye da duniya akwai wani kaso da ke tare wannan zafi kamar yadda bargo ke tare ɗumin jiki, ba don shi ba da sanyi ya hana rayuwa. To, tun da aka fara ƙona kwal da man fetur da gas a masana'antu da motoci da tashoshin lantarki, aka kuma yi ta sare dazuzzuka, iskar kabon da ke fita ta yi ta taruwa. Kafin zamanin injuna tana wajen kashi 280 cikin miliyan na iska, yanzu ta haura 420. Watau an yi ta shimfiɗa bargo a kan bargo, wanda ke ƙarƙashi kuwa ba shi da halin yayewa.

Sakamakon haka, shekarar 2024 ta fi duk shekarun da suka gabace ta zafi tun da aka fara ajiye lissafi, inda ta ɗara zamanin kafin injuna da wajen digiri 1.5. A watan Afrilu na wannan shekara ma'aunin zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali. Wani zai ce digiri ɗaya da rabi ai ba komai ba ne. Sai a tuna masa cewa uwa ta san bambancin jikin ɗanta da lafiya da jikinsa da zazzaɓi, bambancin nan kuwa bai wuce digiri ɗaya ko biyu ba.

Ya kamata kuma a koya wa yaro bambancin yanayin yini da yanayin shekaru. In an yi sanyi mai tsanani mako guda a Bukuru, wannan bai ƙaryata ɗumamar duniya ba, kamar yadda ciniki mai kyau na rana ɗaya ba ya nuna kasuwa ta gyaru. Masana sukan haɗa lissafin shekara 30 ne kafin su ce ga halin wuri. Kaka mai shekara 70 tana ɗauke da irin wannan lissafi a kanta, nata da na masana kuwa sun zo ɗaya.

Daɗin daɗawa, a gaya wa yaro wanda ya fi laifi, don kada ya ɗauka murhun uwarsa ne ya ɓata duniya. Nahiyar Afirka duka ba ta fitar da fiye da kashi 4 cikin 100 na wannan iska, mafi yawanta daga Sin da Amurka da Turai da sauran ƙasashe masu masana'antu take. Duk da haka, a rahoton da Asusun Yara na Majalisar Ɗinkin Duniya, watau UNICEF, ya fitar a 2021, Nijeriya ta zo ta biyu, kafaɗa da kafaɗa da Chadi, a jerin ƙasashen da yaransu suka fi shiga haɗarin sauyin yanayi. Wani ya ci, wani ke biyan kuɗin.

DAGA BOKKOS ZUWA MIL SHA BIYU

Ɗan Arewa da ke zaune a Agege ko Idi-Araba ko Sabon Badun ko Fatakwal kada ya ce wannan zancen mutanen gida ne. Dankalin da ake saukewa a kasuwar Mil Sha Biyu a Ikko daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake tasowa, kayan miya kuma da yawa daga kasuwar Farar Gada ta Jos ake loda su. Akwai wata cuta da ke ƙone ganyen dankali ta ruɓar da 'ya'yansa, wadda ba ta son komai kamar danshi da hazo da ruwa mai ɗorewa ba rana. Ita ce ta jefa ƙasar Ailan cikin yunwa daga 1845, har mutum wajen miliyan 1 suka mutu. Ta yi wa manoman Filato mummunar ɓarna a 2014, ta sake yi a 2022. Da zarar damina ta rikice, manomi ba ya sanin ranar shuka ko ranar feshi, cuta kuwa ta sami ƙofa.

A watan Oktoba na 2022 ruwa ya rufe babbar hanya a wajen Lakwaja da Kotonkarfe, manyan motoci suka yi kwanaki a jere ba gaba ba baya, kayan gwari suka ruɓe a cikinsu. Manomi ya yi hasara, dillali ya yi, direba ya yi, ɗan dako bai sami abin ɗauka ba, mai tireda ya rasa abin kasawa, kuɗin da ake aikawa gida a ƙarshen wata ya ragu. Yaron da aka ce masa bana babu ɗinkin Salla, ko kuɗin makaranta ya makara, yana da hakkin a gaya masa dalili daidai hankalinsa. In ba a gaya masa ba, zai ƙirƙiro nasa dalilin, watakila ya ɗauka ubansa ne ya manta da shi.

ABIN DA KE RUFE BAKIN IYAYE

Abu na farko shi ne tsoron kada a ce mutum yana ja da ƙaddara. Amma sanin sababi bai taɓa zama saɓo ba. Wanda ya yi imani cuta da lafiya na Allah ne bai fasa kai ɗansa asibiti ba, Hausawa kuma suka ce Allah ya ce tashi in taimake ka. Musulmi da Kirista na Filato duk sun san labarin Annabi Yusufu, wanda aka sanar da shi shekarun yunwa na tafe, bai naɗe hannu ba, ya sa aka cika rumbuna tun ana cikin ƙoshi. Wannan labari ya isa mabuɗin hira da kowane yaro.

Na biyu shi ne gudun tsorata yara. Wannan tausayi ne na gaskiya, sai dai yaran zamani suna gani a waya, suna ji a rediyo, suna kallon hotunan gawawwaki da gidajen da ruwa ya ci, ba mai yi musu bayani. Tsoron da aka bari cikin duhu ya fi wanda aka zauna aka yi magana a kansa girma. Ƙa'idar ita ce kada a ba yaro labarin haɗari sai an haɗa masa da abin da zai yi, ko da ƙanƙane ne.

Na uku shi ne talauci. Mai neman na tuwon dare zai ce ina ruwansa da zafin duniya. Amma shi ne gidansa ke bakin rafi saboda can ne haya ke da araha, shi ne ke kwana ɗaki ɗaya da mutum takwas a watan Maris, matarsa ce ke shan hayaƙin itace safe da yamma. Mai hali zai sayi na'urar sanyaya ɗaki ya koma unguwar tudu. Talaka ba shi da garkuwa sai sani.

INDA ZA A YI HIRAR

Ba a bukatar a kira taro ko a shimfiɗa tabarma ta musamman. Hirar tana shiga ne inda rayuwa ta buɗe mata ƙofa. Ga misali uwa tana fere dankali, 'yarta ta ce, "Mama, me ya sa yanzu ba ma cin dankali kullum kamar da?" Maimakon ta ce yi shiru, sai ta ce, "Uwata, ruwa ne ya yi yawa a gonakin Bokkos bana, ciwo ya kama shi, shi ya sa ya yi tsada. Damina ta fara sauya hali. Je ki tambayi Kaka yadda take a zamaninsu." Da wannan an amsa tambaya, an kuma haɗa jika da kakarta.

Kakanni kuwa su ba da abin da suke da shi. Su faɗi yadda ake gane ƙaratowar damina da dawowar shamuwa da juyawar iska da tohon itatuwa, su faɗi waɗanne alamu ne har yanzu suke cika, waɗanne ne suka fara saɓawa. Su ba da labarin farin 1973 da na 1984, lokacin da dabbobi suka mutu a Arewa mai nisa da Nijar, mutane suka yi ta ƙaura, da abin da aka ci aka rayu. Su faɗa wa jikoki darajar acca, abincin mutanen Filato na asali, wadda ke yi a ƙasa maras ƙarfi, take kuma nuna da wuri. Irin wannan sani in mai shi ya rasu bai faɗa ba, an binne shi ke nan.

Maigida da ke Kudu, wanda ba ya ganin iyalinsa sai Salla zuwa Salla, yana da waya a aljihu. Bayan ya tambayi lafiya da cefane, ya ƙara da cewa, "An kuwa yashe lambatun ƙofar gida? Ina kuka ajiye takardun haihuwar yara? In ruwa ya zo da dare gidan wa za ku nufa?" In an ba shi babban ɗansa ya ce, "Babana, kai ne namijin gida yanzu, ka riƙa sauraron abin da rediyo ke faɗa game da ruwa, ka gaya wa Mamanka." Yaron da aka ɗora wa amana irin wannan ba ya mantawa.

Mata kuma suna da majalisun da maza ba su da su: gidan suna, gidan biki, wurin kitso, layin awon ciki da na allurar rigakafi, taron adashi, makarantar Islamiyya da zumuntar mata a coci. A nan ne ake koyon yadda ake yaye da yadda ake maganin ƙurji, a nan ne kuma ya dace a riƙa tambayar juna yadda ake raba jariri da zafi, da wace unguwa ce ruwa ya ci bara. Kada a manta da 'yar aiki da yayar da ke goyo da malamin allo, domin sau da yawa su ne ke tare da yaro a sa'ar da abu zai faru.

Kowane yaro da gwargwadonsa. Ɗan shekara 5 ya ishe shi ya san ba a wasa a rafi ko tafkin kuza, ba a jefa leda a lambatu, a kuma ba shi shuka guda ya riƙa ba ta ruwa. Ɗan shekara 10 zai gane misalin bargo, zai iya kafa gwangwani a tsakar gida ya riƙa auna ruwan kowace rana yana rubutawa a littafi. Saurayi da budurwa kuwa a yi shawara da su kamar manya, a kan irin da za a shuka, da inda za a kama haya, da sana'ar da za ta ɗore.

ABIN DA KOWANE GIDA ZAI IYA

Hukumar Kula da Yanayi ta Nijeriya, watau NiMet, takan fitar da hasashen damina a farkon kowace shekara, ta faɗi lokacin da ake sa ran ruwa zai kankama da lokacin da zai ɗauke a kowane yanki. Hukumar kula da koguna ita ma takan bayyana wuraren da ake fargabar ambaliya. Ya kamata a nemi wannan labari, a kai shi gida, a gaya wa na ƙauye kafin ya zuba iri a ruwan farko wanda kan yaudari manomi.

Game da ruwa: a san tudun da za a nufa, a nuna wa yara shi da rana tsaka, a sa muhimman takardu a leda a rataye sama, kada a ratsa ruwa mai gudu ko da bai kai gwiwa ba. Bayan ambaliya a tafasa ruwan sha, gama kwalara da gudawa a nan suke biyowa, a kuma san haɗa ruwan gishiri da sukari. Game da zafi: a yawaita ba yara ruwa, a hana su yawo da tsakar rana, a bar iska ta ratsa ɗaki, jaririn da bai kai wata 6 ba kuwa a yawaita ba shi nono, shi kaɗai ya ishe shi. A riƙa kwana cikin gidan sauro, domin ɗumi da ruwa kwance abokan sauro ne, tudun da sanyi ke rage masa ƙarfi a da yana iya zama masauki gare shi. Game da girki: murhu mai tsimin itace yana rage kashe kuɗi, yana rage hayaƙin da ke cin ƙirjin uwa da na goyonta, yana kuma barin itace a tsaye.

KADA A GADAR DA GABA

Akwai wata magana mai nauyi da ba za a tsallake ba. Jos ta ga tashin hankali a 2001 da 2008 da 2010, ƙauyukan Filato kuma sun daɗe suna zubar da jini tsakanin manoma da makiyaya. Dalilan suna da yawa, akwai siyasa, akwai rikicin ƙasa, akwai rashin hukunta mai laifi, ba daidai ba ne a ɗora wa yanayi duka. Amma ƙarancin ciyawa da ruwa yana ƙara wa wutar itace. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai wajen murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, ya ƙanƙance ƙwarai a farin shekarun 1970 da 1980, masunta da makiyaya da manoma da yawa suka nemi wani wuri.

Abin da yaro ya ji a bakin iyayensa game da wannan shi zai riƙe. In an ce masa wane da wane ne suka hana shi ci, zai girma da gaba. In an ce masa ƙasa ce ta matse kowa, ruwa kuma ba ya tambayar addini ko yare kafin ya shiga ɗaki, zai girma yana neman yadda za a raba abin da ya rage cikin adalci. Mazauna Kudu sun fi kowa sanin ɗacin a yi wa mutum kuɗin goro saboda inda ya fito.

Har ila yau, hirar gida ba ta ɗauke wa hukuma nauyinta. Nijeriya ta sa hannu a yarjejeniyar Faris ta 2015, ta kuma kafa dokar sauyin yanayi a 2021. Gina magudanan ruwa, da kwashe shara, da gyaran madatsai, da hana gini a bakin rafi tare da ba mutane wani wurin, da samar wa manomi iri mai jure cuta, duk aikin gwamnati ne. Jama'ar da ta saba zancen a gida ita ce za ta iya tambayar kansila da ɗan majalisa ina aka kwana, in sun zo neman ƙuri'a.

Jama'a, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ake goyo yau zai kai shekarar 2080 in Allah ya ba shi rai, zai ga damuna da bazarar da iyayensa ba za su gani ba. Ba kowane uba ne zai bar masa gida ko gona ba, amma kowane uba da kowace uwa suna iya barin masa sanin halin da ƙasarsa ke ciki da yadda zai kare kansa. Saboda haka gobe in an gaisa, an ce yaya ruwa, an amsa ruwa ya yi gyara, kada a tsaya nan. A juya ga yaron da ke tsaye a gefe, a ƙarasa masa zancen.

Allah ya ba da damina mai albarka, ya kiyaye na gida da na nesa, ya raya zuriya.